Guntun Igiyar da Na Kai Wudil

Ana idar da sallar asuba ranar Juma'a muka kama hanya. Mu biyu ne, ni da maƙwabcina mai sayar da busasshen kifi. Shi yana da kwando biyu da zai kai kasuwar Wudil. Ni ba ni da kaya sai guntun igiya, tsawon kamu ɗaya, a aljihun rigata.

Ku da kuka yi ta tambayata abin da ya kai ni Wudil ana tsakar damina, ga amsa. Sau ɗaya zan faɗa.

Ni masunci ne, ina kuma yin fito. Ƙauyenmu yana gangaren kogi, ta wajen Ringim. Ambaliyar bara ta buga jirgina da gindin giginya, ya rabe biyu. Kwana biyu bayan haka na hango wani jirgi a kife, ya maƙale a rassan wata bishiya da ruwa ya kayar. Na shiga ruwa iya wuya na tsamo shi. Katako biyu sun tsage, na sauya su, na toshe sauran da tsumma da kwalta. Tun daga ranar, mu shida a gidana daga cikin jirgin nan muke ci.

A bakin ruwanmu akwai ƙa'ida. Itace ko jarka ko kabewa, in ruwa ya kawo, na wanda ya tsinta ne. Jirgi da taru kuwa suna da mai su. Za ka sanar da Sarkin Ruwa, ka yi cigiya shekara guda. In mai shi ya zo, ya ba ka ladan tsamowa ya ɗauki abinsa. In bai zo ba, ya zama naka. Sai kuma maganar igiya, wadda tsofaffi suka fi dubawa. In tsinkewa ta yi, ruwa ne ya ƙwace, jirgi yana nan na mai shi. In wuƙa ce ta yanke ta, kuma aka tabbatar mai shi ne ya yanka, to ya sallama shi da hannunsa, ba shi da sauran magana. Wasu kan yi haka da jirgin da suka gaji da gyaransa.

Igiyar da na samu a hancin jirgin nan yankan wuƙa ce, sara ɗaya. Na kwance ta na ɓoye.

Na yi cigiya, ba zan ce ban yi ba. Amma a kasuwannin da na san ba za a amsa ba na yi ta, kuma ban ɗaga murya ba. Saura mako uku shekara ta cika, sai na haye da wani falke mai awaki. Ya zauna a hancin jirgi yana shafa shaidar da aka ƙona a jikin katako, zane uku da ɗigo a ƙasa. Ya ce wannan ai shaidar Baba Inuwa ce, na bakin ruwan Wudil. Na ce masa ya gyara zama kada ya kifar da mu.

Kwana uku na yi ban gaya wa kowa ba. Rana ta huɗu na gaya wa matata. Daga ranar ta fara barin tuwonta. Da na yi magana ta ce, "Malam, ya daina wuce min maƙogwaro." Shi ke nan abin da ya tashe ni. Amma ban tafi don in mayar da jirgi ba, ku ji da kyau. Na tafi ne da igiya don in nuna musu cewa nawa ne.

Daga ƙauyenmu zuwa bakin kwalta a babur muka tafi, mu biyu da kwanduna da mai tuƙi. An kwana ana ruwa. Sau uku muna sauka muna tura babur, a na ukun laka ta cinye wa maƙwabcina takalmi ɗaya. Ya tsaya yana laluben sa da hannu yana zagin hanya. Mai babur ya ce ya bar shi, baɗi zai tsiro. Gero ya fi mutum tsayi hagu da dama, shinkafa a fadama ta yi shar. Wanda bai ga bara ba, ba zai yarda wurin nan ya taɓa zama kogi ba.

A bakin kwalta muka sami mota mai zuwa Wudil ta Gaya. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kwando ma sai da aka biya masa kamar mutum. Mu huɗu a baya, ga tunkiya a but ɗin motar tana kuka kamar ta san inda za a kai ta. Warin kifi ya cika motar, wata mata ta rufe hanci da mayafi tana hararar maƙwabcina.

Kusa da ni wani dattijo ne mai farin gemu da yawan magana. Ya ce ya shekara ashirin yana dako a tashar jiragen ruwa ta Legas. Maƙwabcina ba ya riƙe magana, kafin mu kai Gaya ya zazzage masa labarina duka. Dattijon ya gyara hula ya ce a teku ba haka ake yi ba. Ya ce can ko an gudu an bar jirgi babu kowa a ciki, ko ya nutse, yana nan na mai shi. Wanda ya ceto shi lada yake samu gwargwadon wahalarsa, kuma dole ya kai rahoto ga hukuma, ba ya ja shi gida ya yi shiru ba.

Na ce, "Baba, teku daban, kogi daban."

Ya ce, "Ruwan dai ɗaya ne, ɗana."

Na juya ina kallon taga.

A Gaya direba ya tsaya shan mai, muka sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan ya ƙanƙance, uku ba su kai ɗaya na da ba. Na ci biyu na ji ba na so.

Hantsi ya yi muka shiga Wudil. Wanda bai taɓa ganin Wudil ranar Juma'a ba, bai san cinkoso ba. Tun kafin a kai gari manyan motocin shanu sun jeru a gefen titi. Bajimai masu ƙaho kamar reshen bishiya, ana sauke wasu ana loda wasu. Dillalai da sanduna suna ratsa titi ba sa duban mota. Fulani mata sun jera ƙwaryar fura da nono, ga masu dafaffiyar masara, ga masu rake. Na taya maƙwabcina sauke kwanduna a layin 'yan kifi, na bar shi yana neman mai sayar da silifa. Ni na gangara bakin ruwa.

Kogin ya cika, ja ne kamar kunun kanwa. Daga ƙasan gada kana jin ƙarar motocin Kano suna wucewa ta kanka. Masu yashi sun ja baya saboda ruwa, tifofi suna jira can sama. Na tsaya na duba jiragensu. Sun fi namu faɗin ciki, hancinsu gajere. Irin wanda ke ɗaure a ƙauyenmu sak.

Na tambayi babban masunta na wurin, aka nuna min wani tsoho yana ɗinkin taru a gindin mangwaro. Muka gaisa: gajiya, iyali, ruwa, damina, mutanen gangare. Sannan na zana masa shaidar a ƙasa da yatsa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ajiye taru, ya sa takalmi, ya ce in biyo shi.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa cikin lunguna ta wajen Sabon Gari. A jikin wasu katangu har yanzu ana ganin layin da ruwan bara ya tsaya, ya kai min ƙirji. Wasu gidajen an tayar da bulo, wasu suna nan kango, kabewa ta haye su.

Baba Inuwa yana zaune a kan tabarma a zaurensa. Ba wani tsoho ba ne sosai, zai girme ni da kamar shekara goma. Dogo, baƙi, kafaɗun mai tuƙi. Na durƙusa na miƙa masa hannu. Ya miƙo nasa, sai na ji bai kama nawa ba. Na duba. Tafin hannuwansa biyu duk tabo ne, fari, a murɗe. Yatsun sun sandare a buɗe, ba sa lanƙwasuwa.

Babban masunta ya ce, "Inuwa, jirginka ya fito. Ga wanda ya tsamo shi."

Baba Inuwa bai yi murna ba, bai kuma yi mamaki ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ya fashe?"

Na ce katako biyu, na sauya.

"Da wane ice?"

Na ce maɗaci.

Ya ce, "To, ka san aiki."

Na zo da maganata a shirye tun daga gida, na yi ta maimaita ta a mota. Na sa hannu a aljihu na fito da igiyar na ajiye a kan tabarma. Na ce a duba bakinta. Babban masunta ya ɗauka ya juya ta, ya ajiye.

Ana haka wata mata ta yi sallama ta shigo da kwanon abinci a rufe. Ba ta da mayafi, ɗankwali ne a kanta, da ƙaramin gicciye a wuya. Daga baya na ji sunanta Maman Hannatu, mutuniyar kudancin Kaduna ce, tana aikin girki a jami'ar garin. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni, ya hannun?" Ya ce, "Hannu yana nan inda kika bar shi jiya." Ta buɗe kwano, ta ɗaura masa cokali a hannu da wani ƙyalle, da ganin yadda take yi ka san ta saba. Tana ɗagowa idonta ya faɗa kan igiyar.

Ta ce, "Wannan daga ina?"

Aka gaya mata. Ta tashi ta fita. Ba a jima ba ta dawo da wata doguwar igiya a naɗe, cikin buhun shinkafa wankakke. Ta zaro bakinta ta haɗa da guntun nawa. Suka zauna daidai.

Ita ta ba da labarin, shi cin abincinsa kawai yake. Ta ce a bara gidan da take haya yana can ƙasa, kusa da ruwa. Da safe ruwan ya shigo, kafin su ankara ya kai gwiwa, kafin su ɗaure kaya ya kai ƙugu. Ita da tsohuwarta da 'ya'yanta mata biyu suka hau kan katanga, katangar kuma ta ƙasa ce, tana narkewa a ƙarƙashinsu. Tsakaninsu da tudu lungu ɗaya ne, amma ruwan da ke gudu a lungun ko saniya ba ta tsayawa. Baba Inuwa ya zo janye jirginsa, wanda ke ɗaure da doguwar igiya a jikin wata tsamiya a kan tudun. Mutane suka ce ya shiga da jirgi. Ya ce jirgi zai kife da su. Ya zaro wuƙa ya sare igiyar daga hancin jirgin, ɗaya bakin yana nan ɗaure a tsamiya. Ya ɗaura a ƙugu ya faɗa ruwa. Da ya isa, babu abin da zai ɗaure ta a jiki, sai ya naɗe ta a hannuwansa ya tokare ƙafa da dutsen ƙofa. Suka bi igiyar ɗaya bayan ɗaya, samari suna karɓarsu a tudu. Tsohuwar ce ta ƙarshe, ita ta fi daɗewa.

Ta ce, "Ina kallon jirgin yana tafiya, yana juyawa. Shi ko waiwaye bai yi ba."

Baba Inuwa ya ce, "Na waiwaya mana. Ke dai ba ki gani ba, kina ta kiran Yesu."

Ta ce, "Kai kuma kana ta zagina wai na cika nauyi!"

"Ƙarya na yi?"

Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba.

Babban masunta ya yi gyaran murya. Ya ce shi ba zai canza ƙa'ida don mutum nasu ne ba. Ya dubi Baba Inuwa ya ce, "Inuwa, wa ya yanke igiyar nan?"

"Ni."

"Da niyyar jirgin ya tafi?"

"Na san zai tafi."

Tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Ka ji da kunnenka. Jirgi naka ne, baƙo. Ba sai shekara ta cika ba."

Abin da na zo nema ke nan. An ba ni a gaban shaidu, ba gardama. Baba Inuwa ma ya ƙara da cewa in je in ci halal ɗina, shi ko an kawo masa jirgin ƙofar gida, da wane hannu zai riƙe sandar tuƙi? Ya ɗaga hannuwan ya nuna min, cokali yana lilo a jikin ɗaya.

Akwai abin da ban cika faɗa ba. Tsofaffin ƙauyenmu sun sani. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce jirgin kasuwa ya kife da mu. Matata ta fari tana cikin jirgin da goyo. Ba a samu gawarsu ba sai washegari. Ni wani ne ya jefo min igiya daga gaɓa. Na kama, aka ja ni, na suma. Da na farfaɗo na tambaya, babu wanda ya san ko wane ne. Ban taɓa tunanin hannunsa ba sai ranar nan a zauren Baba Inuwa.

Aka yi kiran sallar Juma'a, muka tashi. A wurin alwala na ga yana fama da buta, yana ƙoƙarin karkata ta da gwiwar hannu. Na karɓa na zuba masa. Bai yi godiya ba, ni ma ban so ya yi ba. Masallaci ya cika har titi, muka shimfiɗa buhu a rana tsakanin wani mahauci da wani ɗan makaranta. Ban riƙe komai daga huɗubar ba.

Da muka dawo zaure na ce ina da magana, a kira Maman Hannatu ma ta ji. Na ce a wajenmu, wanda ke aiki da jirgin wani, kashi ɗaya cikin uku na kamu na mai jirgi ne. Na ce shaidar da ke jikin jirgin nan ba zan kankare ta ba. Maƙwabcina yana zuwa Wudil duk Juma'a, zai riƙa kawo kason.

Baba Inuwa ya ɓata rai. Ya ce, "An yanke hukunci, kai kurma ne? Ni ba na karɓar sadaka."

Na ce, "Ba sadaka ba ce. An ce jirgi nawa ne?"

Babban masunta ya ce an ce.

Na ce, "To na mayar masa. Yanzu kuma ina neman aiki. Zai ɗauke ni ko in nemi wani?"

Maman Hannatu ta sa bakin zaninta tana goge ido. Can Baba Inuwa ya ce, "Jirgin yana ja hagu in an yi masa lodi."

Na ce na lura, na sha fama.

"Ka daina zama a tsakiya. Matsa dama kamar tafin hannu, zai miƙe. Kuma kada ka bar shi a rana ba ruwa a ciki, ba ya so."

Na ce to.

"Kifin kuma kada ka aiko min da karfasa, ƙaya gare ta, ba na iya cirewa. Tarwaɗa."

Na ce tarwaɗa.

Da zan tafi, Maman Hannatu ta naɗe doguwar igiyar ta mayar cikin buhu ta miƙo min. Na ce ta riƙe abinta. Ta ce shekara guda tana ajiye da ita a ƙarƙashin gado, ba ta san me za ta yi da ita ba, yau ta sani. Ta ce, "Yaya, ka kai wa jirgin kayansa." Ta haɗa min da ƙullin gyaɗa soyayya na yara. Baba Inuwa ya rako ni har bakin lungu. Da muka yi sallama na kama hannunsa da nawa biyu, tunda nasa ba ya kamawa.

Na tarar da maƙwabcina ya sayar da kifinsa tas, yana sanye da sabon silifa kore shar. Muka sha fura a bakin tasha, mai sanyi, nonon bai ji ruwa ba. Furar Wudil ta fi tamu, wannan ba zan yi musu ba. Na gaya masa aikin da na ɗora masa duk Juma'a. Ya ce ni mahaukaci ne, na zo da jirgi na koma ba jirgi. Ya yi ta faɗa har Gaya. Muna dab da sauka ya ce kwandon Baba Inuwa ba sai na biya masa kuɗin mota ba.

Mun isa gida ana kiran magariba, laka har gwiwa. Matata ta karɓi buhun ta leƙa ciki, ta dube ni.

Ta ce, "Na wane ne?"

Na ce, "Nasa ne. Mu masu aiki ne."

Ta ce, "Zai ishe mu?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa mata, har yanzu ban sani ba. Kashi biyu ba uku ba ne, kuma yara suna girma. Ta zuba tuwo, ta zauna ta cinye nata duka, har ta ƙara.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Ƙa'idarmu ta igiya tana da kyau, ba zan zage ta ba, amma bakin igiya kawai take dubawa. Shekara guda ina kallon yankan wuƙar nan ina cewa mai jirgin nan bai damu da shi ba. Ban taɓa tambayar inda sauran igiyar take ba. In ruwa ya kawo muku abu, ku yi cigiya da ƙarfi, kuma ku yi ta can sama inda ruwan ya fito.

Washegari da safe na gangara bakin ruwa. Na warware bakin guntun da bakin doguwar, na saƙa su cikin juna, na ɗaura a hancin jirgin. Wurin haɗin ya yi kauri, ba shi da kyan gani, amma na ja da ƙarfina bai motsa ba. Na ɗauki mutum bakwai da buhun taki huɗu. Na matsa dama kamar tafin hannu. Jirgin ya miƙe.